Iya Ba-Hutu da jarirai biyar

Mahaifiyata ta yi shekara ashirin da bakwai tana aiki a ɗakin jarirai na babban asibiti. Ba nas ba ce, karatunta a firamare ya tsaya. A takardar ɗaukar aikinta "mai taimako" aka rubuta, wato ita ke wanke gadaje, ita ke canza kunzugu, ita ake aika ta ɗauko wannan ta kai wancan. Mu a gida Iya muke ce mata. A asibiti kuwa, daga mai gadin ƙofa har manyan likitoci, da Iya Ba-Hutu suka san ta, domin ta shekara ashirin da uku ba ta taɓa aiko da cewa yau jikinta ba daɗi ba. Ko hutun shekara sai an yi kamar za a kore ta take ɗauka.

Ni ce silar zuwanta wurin. Ni ce autarta, kuma bakwaini aka haife ni, sai da na yi mako biyar a cikin kwalba. Iya ba ta iya zama ta naɗe hannu, saboda haka in ta gama da ni sai ta koma gadon kusa. Ta riƙe wa wannan ɗanta ta samu ta ci abinci, ta nuna wa waccan yadda ake kama wa jariri nono. Metiron ɗin lokacin, wato shugabar nas-nas, wata dattijuwa mai tsare gida, ta yi ta kallonta, ranar da aka sallame mu sai ta tare ta.

"Ke baiwar Allah, hannun nan naki ya fi ƙarfin 'ya ɗaya. In kin yaye ta ki dawo ki same ni."

Iya ta yaye ni, ta koma.

Ɗakin dogo ne, taga huɗu, ƙananan gadaje goma sha huɗu, kwalba uku a can ƙurya. Kusa da ƙofa akwai teburin ƙarfe da sikeli a kai, an shimfiɗa masa ɗan farin zane. Famfo ɗaya ne tal, a lungun da ya fi nisa da komai. Daga baya aka kawo man goge hannu, aka ɗaura robarsa a jikin kowane gado. Kowa ya ji daɗi, an huta da zirga-zirgar famfo. Iya ta fi kowa shafa shi, har tafin hannunta ya yi kaushi. In ta shafa min fuska nakan ce, "Iya, soso ne wannan ko hannu?"

Yawancin jariran da ke shiga ɗakin lamba ce ɗaure a ƙafarsu, ba a kai ga sa musu suna ba. Iya ba ta yarda a kira mutum da lamba, sai ta raɗa wa kowa nasa. Mai yawan kuka Mai Shela ne. Mai barci da baki buɗe Attajiri, wai don ba abin da ya dame shi. Likitoci su yi mata dariya, amma a zagayen safe sai ka ji babban likita da kansa yana tambaya yaya Attajiri ya kwana.

Babanmu gyaran agogo yake yi a wani ɗan shago a bakin titi. Yakan ce shi dai yana gyaran agogo ne kawai, amma agogon unguwar nan uwarmu ce. In ta wuce ƙofar mai burodi, to ƙarfe shida da kwata ta yi, duk wanda nasa ya nuna wani abu daban ya kawo gyara. Iya tana jin daɗin wannan magana, ko da yake takan ce masa ya daina surutu. Rashin fashin nan shi ne adonta. Ba ta da takarda kamar nas-nas, ba ta da farin kaya irin nasu, amma babu wanda ya kai ta wannan.

Abin ya faru ne a shekararta ta ashirin da uku a ɗakin. Ranar wata Litinin aka kawo wani jariri ɗan kwana huɗu da aka haifa a gida. Jikinsa zafi rau, ya ƙi kama nono, ya haɗe gira kamar an kawo masa shari'a. Iya ta sa masa Alƙali. Uwarsa ma ta ce ta yi zazzaɓi kwana biyu kafin ta haihu.

A makon ne kuma 'yata, mai shekara biyu, ta kama zazzaɓi da gudawa. Ni malamar firamare ce, ana tsakiyar jarrabawa, ba halin in zauna. Ranar Laraba Iya tana hutun mako, sai na kai mata yarinyar ta yini da ita. Ranar Juma'a da safe Iya ta tashi da ciwon gaɓoɓi, cikinta yana murɗawa. Baba ya taɓa goshinta.

"Yau kam ki zauna. Asibitin ba zai rushe ba."

"Mutum biyu ba sa nan. In na zauna wa zai wanke kwalba? Kai?"

Ta haɗiye maganin zazzaɓi guda biyu, ta ɗauki jakarta. Ta yi aikin Juma'a, ta yi na Asabar da Lahadi, tana fita banɗaki a ɓoye tana dawowa ta shafa man goge hannu. Zuwa Litinin ta warware, ta ma manta.

Mako bai zagayo ba wasu jarirai biyu da ke kwance a ɗakin suka fara zazzaɓi. Ɗaya bakwaini ne a cikin kwalba, Iya tana ce masa Ɗan Tsako. Ɗayar kuwa cikin wasu tagwaye mata ce da aka kwantar don su ƙara nauyi. Iya ta sa mata Gimbiya saboda yadda take ɗaga hannu kamar tana sallamar jama'a, 'yar'uwarta kuma 'Yar Shiru. Sai ga wasu jarirai biyu an kawo daga waje da irin wannan zazzaɓin. Biyar ke nan.

An ba su duk maganin da aka saba bayarwa, ba a ga canji ba. An auna jini ana neman ƙwayoyin cutar da aka saba gani, ba a samu komai ba. Huɗu suka riƙa farfaɗowa a hankali, amma Gimbiya sai baya take yi. Idonta ya yi rawaya, cikinta ya kumbura, duk inda aka soka allura jini ya ƙi tsayawa. Likitar jarirai ta ce hanta ce ta taɓu. A kwana na tara, da hantsi, ta cika. Iya ce ta cire mata robar ƙarin ruwa, ta goge mata jiki, ta naɗe ta, ta miƙa wa uwar.

Kafin nan likitar ta riga ta aika da samfurin jini da na bayan gidan jariran biyar zuwa hawa na uku, inda ɗakin gwaje-gwaje yake. Akwai wata mata a can da ake kira Mai Tabarau, ba ta daɗe da fara wani sabon aiki ba na bin diddigin cututtukan jarirai. Ita ce ta sauko ranar da aka tara ma'aikatan ɗakin a ofishin Sista Babba, shugabar nas-nas.

Ta ce duka biyar ɗin bairos ne ya kama su, ana ce masa entarobairos. Dangin ƙwayar shan inna ne, a hanji yake zama, ta bayan gida yake fita, hannu ya ɗauke shi ya kai baki. Babba in ya kamu, ɗan zazzaɓi ne ko gudawar kwana biyu, wani ma ba zai ji komai ba. Jariri ɗan kwanaki kuwa yana iya taɓa masa hanta ko zuciya ko ƙwaƙwalwa.

"Abin da ban sani ba tukuna," in ji ta, "shi ne ko kowane jariri da tasa ya zo daga gida, ko kuwa a ɗakin nan ɗaya ta zagaya. Zan iya ganewa, amma sai kun taimake ni. Ina son samfurin bayan gidan kowa da ke aiki a ɗakin. Ba dole ba ne. Ba suna za a rubuta ba, lamba ce."

Aka fashe da dariya. Wata nas ta ce shekara goma tana karɓar na mutane, yau ga shi an zo kan nata. Mai Tabarau ta bari aka gama, sannan ta ƙara da cewa duk wanda ya yi zazzaɓi ko gudawa cikin mako ukun nan ya hau sama ya same ta, su biyu kawai.

Iya ma tana wurin. Tana tsaye a bakin ƙofa da bokiti a hannu, ta rasa yadda za ta ajiye shi.

Kwana biyu ba ta gaya wa kowa ba. Ta je aiki, amma ta ƙi taɓa jariri, ta ce bayanta ke ciwo, ta tsaya kan wanke ƙasa da tagogi. Ranar Lahadi da rana na je gida na tarar da ita zaune a tsakar gida da tiren shinkafa a cinya, ba ta tsince ko tsakuwa ɗaya ba. Baba yana gefe yana sa wa wani agogo batir. Nan ta zayyana mana komai.

Ni lissafina ya wuce nata. Yarinyata ce ta fara gudawa, ni ce kuma na ɗauko ta na ɗora wa Iya a cinya.

"Iya, sun ce ba dole ba ne," na ce. "Kin warke, an wuce wurin. In kika faɗa, a kanki za a sauke komai. Ke ce ƙarama a ɗakin nan, ba ki da mai tsaya miki."

"Auta, ni na naɗe yarinyar nan da hannuna."

"Sanin ba zai dawo da ita ba."

"Akwai goma sha uku a kwance."

Baba bai ɗago daga agogonsa ba. Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Sai ya ƙara da cewa, "Ni dai na ce ki zauna." Iya ta dube shi, ya gane ya yi ɓaranɓarama, ya tashi ya shiga ɗaki.

Ta juyo gare ni. "Gobe da safe ki kawo min kunzugun yarinyar ma. In za a duba, a duba duka."

Ban so ba, amma na kai.

Shekara ashirin da uku tana asibitin, Iya ba ta taɓa wuce ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ba, iyakarta tagar da ake miƙa samfur. Ta ce wurin sanyi kamar cikin randa, manyan firji jere suna gurnani, kowa da safar hannu. Mai Tabarau ta ja mata kujera, ta rufe ƙofa, ta ɗauko takarda. Wace rana ciwon ya fara? Sau nawa ta fita? Waɗanne jarirai ta taɓa a kwana ukun nan? Iya ta lissafo mata su gado bayan gado, wanda ta canza wa kunzugu, wanda ta ba madara da cokali, wanda ta ɗora a sikeli. Mai Tabarau ta cire tabaran ta dube ta.

"Iya, littafin ɗakinku bai kai ki riƙe abu ba."

"Za a kore ni?"

"Ba ni ke kora ba. Amma dole in gaya wa likita da Sista Babba, kuma za su ce ki zauna a gida sai sakamako ya fito."

Haka aka yi. Kwana goma sha shida Iya ta yi a gida. Ba ta san yadda ake zama ba. Ta wanke labulaye, ta wanke waɗanda ba su yi datti ba, ta kwashe kayan kicin ta goge ta mayar. Kullum ƙarfe shida sai ta tashi ta yi shiri, sannan ta tuna, ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Mai burodi ya aiko yana tambaya ko lafiya. Baba ya riƙa kawo mata madaurin agogo tana goge masa da tsohon buroshi, don dai hannunta ya samu abin yi. Ni kuwa na rage zuwa gidan, kunya nake ji, ban san ta wa ba.

Ranar da aka kira ta, tare muka je. Mai Tabarau ta shimfiɗa wata takarda a tebur. Zane ne kamar bishiyar da aka kwantar, rassa suna fita, a ƙarshen kowane reshe akwai lamba.

Ta ce kowace ƙwaya tana ɗauke da wani rubutu a cikinta, haruffa sama da dubu bakwai, kuma na'urarsu tana iya karanta shi daga farko har ƙarshe. In ƙwaya za ta hayayyafa sai ta kwafi rubutun, jefi-jefi ta yi kuskuren harafi ɗaya, 'ya'yanta su gaji kuskuren. Ta dube ni.

"An ce ke malama ce. In yara biyu suka kawo miki amsa da kuskure iri ɗaya, a wuri ɗaya, me za ki ce?"

"Wani ya kwafi na wani."

"To aikina ke nan."

Ta ɗora biro a kan wasu rassa biyu da ke can nesa, kowane shi kaɗai. Waɗannan su ne jarirai biyun da aka kawo daga waje, kowa da tasa ya zo, ba ruwansu da ɗakin. Ta nuna wani reshe a can ƙasan takardar.

"Wannan ta jikarki ce, Iya. Dangi ne, amma na nesa sosai. Ba ita ce ta shiga ɗakin ba."

Na saki numfashin da na kwana goma sha shida ina riƙe da shi. Sai na ji kunyar sakin, domin biron ya riga ya hau sama, inda lambobi shida suka cure a kan reshe ɗaya. Alƙali da uwarsa. Ɗan Tsako. Gimbiya. Ma'aikata biyu.

"Ɗaya taki ce," in ji Mai Tabarau.

Iya ta daɗe tana kallon lambar. "Ni ce ke nan."

"Ba haka takardar ta ce ba. Uwar Alƙali ta fara ciwo tun kafin ta haihu, shi kuma da ciwonsa ya shigo. Ke sai bayan kwana huɗu kika fara. Kusan tabbas daga wurinsa kika ɗauka, wajen canza kunzugu. Ba ke kika kawo ta ɗakin ba."

"Gimbiya fa? Daga wa ta ɗauka?"

Mai Tabarau ta sake dubana. "Malama, yaran nan biyu masu kuskure iri ɗaya, takardarsu tana nuna miki wanda ya kwafi na wani?"

Na ce a'a, sai dai in na san yaran.

"To nan ma haka ne. Rubutun shidan nan ɗaya ne, bambancin bai wuce harafi ɗaya ko biyu ba. Ta yiwu ta hannunki ta bi, Iya. Ta yiwu ta hannun ɗaya ma'aikacin. Ta yiwu ta zanen sikeli, don duka ukun an ɗora su a kansa da safe ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ce miki ke ce ba, ba kuma zan ce miki ba ke ba ce. In na faɗi ɗaya daga ciki na yi miki ƙarya."

"Amma na goge hannuna. Wallahi duk fitar da na yi sai na goge."

"Na yarda. Man nan yana kashe ƙwayoyi da yawa, amma irin wannan ba ta cika jin sa ba. Sai sabulu da ruwa mai gudu."

Iya ta juya tafin hannunta mai kaushi tana kallo. Sannan muka sauko.

Washegari aka sake tara ma'aikata. Mai Tabarau ta nuna bishiyar ba tare da ta kama sunan kowa ba, amma kowa ya san dalilin zaman Iya a gida, idanu suka riƙa zuwa kanta suna dawowa. Sai Sista Babba ta miƙe. Mace ce mai faɗa, ta sha sa Iya kuka a shekarun baya.

"Lamba ta biyun nan tawa ce," in ji ta. "Ban yi zazzaɓi ba, ban yi gudawa ba, ko ciwon kai ban yi ba. Kuma ni na sa wa Gimbiya robar ƙarin ruwa ranar farko. Duk mai son kallon wani ya kalle ni." Ta juya wajen Iya. "Ke kuma laifinki ɗaya, kin zo aiki ba ki da lafiya. Mu kuma shekara ashirin muna tafa miki a kan haka."

Ba a kori kowa ba. An ƙara famfo biyu a ɗakin, ɗaya a bakin ƙofa. An cire zanen sikeli, kowane jariri da nasa, ana goge sikelin da ruwan bilic bayan kowane awo. Jaririn da aka kawo daga waje da zazzaɓi ba ya shiga cikin sauran, sai ƙaramin ɗakin gefe da a da ake ajiye kaya. Aka kuma kafa doka cewa mai zazzaɓi ko gudawa ya zauna a gida. Iya ta koma aiki, amma sai da ta ƙara mako uku tana wanke-wanke kawai kafin a bar ta ta ɗauki jariri.

Akwai abu ɗaya da ta yi wanda har yau ban san ko daidai ne ba. Bayan wata biyu uwar tagwayen ta kawo 'Yar Shiru awo. Mai sayar da takalma ce a kasuwa, haihuwarta ta fari ke nan, Iya tana ce mata Uwar Biyu. Likita ta riga ta gaya mata cewa a ɗakin jarirai 'yarta ta kamu da ciwon, ta kuma ba ta haƙuri. Sista Babba ta ce wa Iya wannan ya isa. Iya ba ta ji ba. Ta sami Uwar Biyu a kan benci a baranda, ta zauna kusa da ita, ta gaya mata zazzaɓin, da zuwanta aiki, da abin da takardar ta nuna da wanda ba ta nuna ba.

Uwar Biyu ta ci gaba da jijjiga 'yarta.

"Iya, ba ke ce kika riƙa ba ta nonona da cokali ba, ranar da na kasa?"

"Ni ce."

"To yanzu me kike so in yi da wannan maganar? In kai ta ina?"

"Ba na son ki yi komai, 'yar nan. Na ga bai kamata in riƙa gaishe ki ina ɓoye miki ba."

"Da kin bar ni da abin da likita ta ce. Ciwo ne ya zo ya ɗauke ta, na haƙura. Yanzu duk na tuna ta sai na tuna ki."

Aka kira lambarta, ta tashi ta shiga. Da ta fito ta bi ta ɗaya ƙofar. Daga baya aka ce ta mayar da awon yarinyar wani asibiti.

Da Iya ta ba mu labari, Baba ya ce, "Kin sauke kayanki ne a kan wadda nata ya fi naki nauyi." Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai ta ce, "Ta yiwu." Ta daɗe tana juya maganar. Wani lokaci takan ce da za a sake da ta yi shiru, wani lokaci kuma ta ce ita dai ba za ta iya ba.

Ta ƙara shekara huɗu a ɗakin. Aikin Mai Tabarau ya zauna da gindinsa. Duk jaririn da bai kai wata ɗaya ba da ya zo da zazzaɓi, ana ɗaukar samfurinsa a hau da shi sama, a karanta rubutun ƙwayar, a gwada da na sauran asibitocin da suke musayar sakamako da su. Ɗaukar samfurin ta koma hannun Iya, don babu wanda ya kai ta iya kankaro abin da ake so daga kunzugu da ɗan cokalin roba. Takan rubuta lamba a jikin robar yadda aka ce, sannan ta ƙara sunan da ta raɗa da fensir a ƙasa. Mai Tabarau ta yi ƙorafi sau biyu ta gaji, har ita ma ta koma bugo waya tana cewa sakamakon Mai Shela ya fito.

Shekara ɗaya bayan rasuwar Gimbiya aka kawo wata jaririya da irin ƙwayar nan sak. Tun daga ƙofa aka wuce da ita ɗakin gefe, kwana uku sakamako ya tabbatar. Ta sha wuya amma ta tashi, kuma babu jariri ko ɗaya da ya ɗauka. A shekarar ne kuma Iya ta tashi da mura wata safiya, ta ba Baba waya ta ce ya kira Sista Babba, ita bakinta ba zai iya faɗa ba. Sunan Ba-Hutu dai bai bar ta ba. Sababbin nas-nas suna kiranta da shi ba su san mafarinsa ba, ita kuma ta koma mai tare su a ƙofa tana taɓa goshin duk wadda ta ga idonta ya yi ja.

Ana saura mako ɗaya ta yi ritaya Mai Tabarau ta aiko a kira ta. Na raka ta, don gwiwarta ta fara ba ta wahala. Mai Tabarau ta ce ragowar samfurin Iya na shekarun baya yana nan a firji, kuma ƙa'ida ce a tambayi mai shi, a zubar ko a ci gaba da ajiyewa don bincike.

"An ce kun sami sabuwar na'ura," in ji Iya. "Ita tana iya faɗar daga wa Gimbiya ta ɗauka?"

"Ta fi tsohuwar sauri, ta fi ta gani. Amma abin da kike tambaya, a'a. Gaskiya, Iya, ko nan gaba ina ganin da wuya."

"Na Gimbiya yana nan?"

"Yana nan, a akwati ɗaya da naki."

"To ku bar su. In bai amfane ni ba ya amfani wani."

Mai Tabarau ta miƙa mata biro, ta nuna mata wurin. Iya ta sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, yadda ta saba. Sannan ta dafa tebur ta miƙe, ta ce in riƙe mata jaka, matakalar nan sauka ta fi hawa wuya.